Suna Ɗaya, Rubutu Ɗaya: Haƙƙin Mai Karatu a Kan Mai Rubutu

Babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta nufi Sakkwato tana ratsa garuruwan da sunayensu kaɗai sun isa a koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa. Akwai Kuceri, wadda takardun hukuma suke rubuta ta Kucheri. Akwai Tsafe, wadda ta daɗe tana fitowa a taswirori da fayil-fayil na zamanin Turawa a matsayin Chafe, har wasu 'ya'yan garin, irin su masanin tarihi Farfesa Kabiru Sulaiman Chafe, suka shahara da wannan rubutu. Kusa da ita akwai 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai, wadda akan yar da alamar da ke gaban sunanta a bar ta Yandoto. Kafin a shiga Gusau akwai Kwatarkwashi, wadda wasu takardu suke kira Kotorkoshi. Bayan Gusau sai Bunguɗu, wadda ƙugiyar harafinta ta ɓace ta koma Bungudu, kamar yadda Ƙauran Namoda da ke arewa ta koma Kaura Namoda. Ɗan garin ba ya ruɗewa, domin kunnensa ya riga idonsa sanin sunan. Amma baƙo, da yaron da ke koyon karatu, da ma'aikacin da ke neman fayil, da na'urar da aka ce ta binciko sunan, duk suna iya ɗaukar gari ɗaya a matsayin biyu. Wannan ƙaramin misali ne na babbar matsala da ta game rubutunmu na yau, wato rashin tsayawa a kan hanya ɗaya. Abin da ake son tabbatarwa a nan shi ne, daidaito a rubutu haƙƙi ne na mai karatu da ya rataya a wuyan mai rubutu, kuma Hausa ta fi harsuna da yawa bukatar a kiyaye wannan haƙƙi.

Dalilin farko yana cikin bambancin magana da rubutu. Mai magana yana tare da mai sauraronsa. Idan ya ga fuskar abokin hira ta nuna bai gane ba, sai ya maimaita, ya ɗaga murya, ya nuna da hannu. Takarda kuwa ita kaɗai take tafiya, babu mai bin ta ya yi mata bayani, kuma tana iya faɗawa hannun wanda bai taɓa ganin marubucinta ba, a wani gari, bayan shekaru. Duk abin da murya da fuska suke yi a hira, sai haruffa da tazarar da ke tsakanin kalmomi da alamomin tsayawa su ɗauke shi. To, rubutun boko na Hausa tun asali ya riga ya sauke wani kaso na wannan kaya. Ba ya nuna karin sauti, hawa ko sauka, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Shi ya sa kalmar fari take iya nufin launi, ko rashin ruwan sama, ko mafarin abu, duk da haruffa huɗu iri ɗaya, gari kuma yake iya zama wurin zama ko abin tuwo. An amince da wannan rangwame ne domin rubutu ya yi sauƙi, aka bar wa mai karatu ya cike giɓin daga ma'anar jimla. Wanda aka riga aka ɗora wa wannan nauyi bai kamata a ƙara masa wani ba. Ɗan abin da ƙa'ida ta ce a nuna, wato ƙugiyoyi da rabon kalmomi, shi ne iyakar guzurin da aka bar wa mai karatu, kuma shi ne muke zubarwa a yau.

A dubi abin da ƙugiya ɗaya take ɗauke da shi. Baki daban, baƙi daban. Wanda ya je fada neman sarki ba ɗaya yake da wanda ya je faɗa ba. Jaririn da aka yi wa dauri an ba shi magani ne, wanda aka yi wa ɗauri kuwa yana gidan yari. Rabon kalmomi ma haka yake. Idan maigida ya aika wa ƙanensa saƙo ya rubuta masa "ka bata kudin", ba a san ko umarni ne na a miƙa wa wata mata kuɗi ba, ko kuwa zargi ne na cewa an salwantar da su. Da ya rubuta "ka ba ta kuɗin" ko "ka ɓata kuɗin", da babu gardama. Haka "na sa" da "nasa", da "ta sa" da "tasa", da "a kan" da "akan", da "sai da" da "saida" wadda wasu suke nufin sayarwa da ita. Abin da ya fi kuskuren kansa muni shi ne cakuɗawa. Marubucin da bai sa ƙugiya ko ɗaya ba ya gargaɗi mai karatu tun daga layin farko cewa ya yi hattara. Amma wanda ya sa ƙugiya a sakin layi na farko ya manta da ita a na biyu ya yaudari mai karatu, domin ya sa shi ya saki jiki cewa duk inda bai ga ƙugiya ba, babu ita ke nan. Daga nan duk kalmar da ya tarar sai ya tsaya yana tambayar kansa, shin wannan da gangan ne ko mantuwa ce? Hankalin da ya kamata ya tafi ga ma'ana sai ya ƙare wajen sasanta haruffa.

Ba a rasa ƙa'ida ba, kuma ba jiya aka kafa ta ba. Hausawa sun daɗe suna rubutu da ajami kafin zuwan Turawa, waƙoƙin wa'azi na malaman jihadi irin su Nana Asma'u shaida ne. Rubutun boko kuwa ya fara samun tsari a 1912, lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubuta Hausa domin makarantun gwamnati. A shekarun 1930 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta yi babban aiki a kan lamarin, a lokacin ne aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, harafin c kuma ya maye gurbin ch. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, littattafan gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar suka shiga makarantu, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. Wannan jarida ce ta kai rubutu iri ɗaya lungu-lungu, har mutumin Gusau da na Bauci suka saba ganin kalma da kama ɗaya. Daga baya aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako na UNESCO a 1966, aka yi zaman masana a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a 1972, sannan aka yi taron Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Mafi yawan dokokin haɗa kalmomi da raba su da ake koyarwa a yau daga waɗannan tarurruka suka fito. Saboda haka rubutun Kucheri da Chafe saura ne na tsarin da aka bari shekaru fiye da tamanin da suka wuce, ya maƙale a takardun hukuma domin da Ingilishi ake rubuta su.

Daidaito bai tsaya ga haruffa ba, ya haɗa da sunan da aka ba abu da ma'aunin da aka ƙirga shi da shi. A makaranta akan koya wa ɗalibi cewa maimaita kalma rauni ne, kuma a waƙa ko ƙagaggen labari akwai gaskiya a ciki. Amma a takardar da aka rubuta domin a yi aiki da ita, sauya suna yana nufin sauya abu. Idan takardar cinikin gona ta ce gona a sama, ta ce fili a tsakiya, ta ce fegi a ƙasa, magada za su iya tsayawa gaban alƙali suna jayayya a kan ko abu ɗaya aka sayar ko uku. Jihar Zamfara, wadda aka cire daga jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, ta fara aiki da shari'ar Musulunci a fagen laifuka a watan Janairun 2000, kuma kotunan shari'a da Hausa suke sauraron ƙara. Ke nan rubutun Hausa a nan yana iya raba gado, yana iya tabbatar da bashi. Lissafi ma haka. Jaka a bakin ɗan kasuwar Nijeriya naira 200 ce, domin asalinta fam 100 ne kafin a sauya kuɗi a 1973, amma jika a Maraɗi sefa 1,000 ce. Takardar da ta fara ƙirga da naira ta koma jaka ba tare da bayani ba ta buɗe ƙofar rigima. Haka wadda ta haɗa eka da kadada, ko ta rubuta kwanan wata na Hijira a wani wuri na Miladiyya a wani wuri ba ta bambance ba. A fannin lafiya abin ya fi haɗari. Zamfara ta ga gubar dalma a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ta kuma ga annobar sanƙarau a 2017. A irin wannan hali, takardar faɗakarwa da ta kira cuta ɗaya da suna biyu, ko ta faɗi awon magani da cokali a nan da murfi a can, tana iya jawo asarar rai. Kowa ya san abin da zai faru a kasuwar Tsafe idan mai awo yana saye da babbar tiya yana sayarwa da ƙarama: ko bai yi niyyar cuta ba, an daina yarda da shi. Kalma ita ce tiyar marubuci.

Zamanin kwamfuta ya ƙara wa lamarin nauyi, domin na'ura ba ta san uzuri ba. Magatakardan zamanin da, idan ya ga Muhammadu a wata takarda ya ga Mohammed a wata, ya san mutum ɗaya ne, wataƙila ma ya san mahaifinsa. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da lambar BVN a 2014, hukumar JAMB kuma ta wajabta lambar NIN ga masu rajistar jarrabawa daga 2021, harafi ɗaya yana iya tsayar da mutum a bakin ƙofa. Wadda take A'isha a takardar haihuwa, Aishatu a takardar firamare, Aisha a banki, sai ta yi ta zirga-zirga tsakanin kotu da ofis tana rantsuwa cewa ita ce ita. Al'adarmu ta ɗaukar sunan gari a matsayin sunan ƙarshe ta sa matsalar sunayen garuruwa ta zama matsalar sunayen mutane, domin wa yana iya zama Chafe ƙanensa Tsafe, uwa ɗaya uba ɗaya. Haka ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke binciken tarihin yankinsa a intanet ko a ma'adanar takardu, idan bai san cewa Kwatarkwashi da Kotorkoshi wuri ɗaya ba ne, rabin abin da aka rubuta zai wuce shi bai sani ba.

Mai ja zai ce, ai ana ganewa, tun da ga miliyoyin mutane suna musayar saƙo a WhatsApp da Facebook kullum babu ƙugiya, wasu ma suna sa x a madadin z, q a madadin ƙ, kuma duniya ba ta tashi ba. Gaskiya ne ana ganewa, amma a tambaya, wane ne yake ganewa? Wanda ya tashi da Hausa, ya san mai saƙon, ya san zancen da ake yi. Shi wannan ba karatu kaɗai yake yi ba, yana cike giɓi ne da abin da ya riga ya sani. Wanda ya fi bukatar rubutu shi ne wanda bai san zancen ba tukuna: yaro ɗan aji uku, da dattijuwar da ta shiga ajin yaƙi da jahilci, da Bayarabe ko Ba'ibon da ke kasuwanci a Gusau yana koyon harshen, da Bahaushen Kumasi ko na Sudan da karinsa ya bambanta da namu. Su ne suke biyan kuɗin sakacinmu. Ban da haka, saƙon hira tsakanin abokai ba shi ne abin damuwa ba, kowa yana da damar sakin jiki a zaurensa. Damuwar ita ce salon zaure ya bi mu zuwa allon makaranta, da sanarwar hukuma, da littafin da aka buga aka sa wa kuɗi. Yaron da idonsa ya saba ganin kalma ɗaya da kama uku ba zai riƙe ko ɗaya ba, kuma saurin karatu yana samuwa ne idan ido ya haddace kamannin kalma har ya daina harhaɗa ta baƙi da wasali.

Ja na biyu ya fi ƙarfi, kuma mutumin Zamfara yana da hujjar yin sa. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina ga karin Kano, alhali a nan ana cewa munka da sunka da anka, ana cewa gidanai da ɗiya da hwara da tcada. Ashe kiran a daidaita rubutu ba kira ba ne a binne Zamfarci? Amsar ita ce, daidaito da kashe kari abubuwa biyu ne. Abin da ake nema shi ne marubuci ya san da wace murya yake rubutu, ya kuma tsaya a kanta. Sanarwar da za a karanta daga Tsafe har Haɗeja ta fi dacewa da daidaitacciyar Hausa, domin ita kowa ya koya a makaranta. Amma waƙar Musa Ɗanƙwairo ko ta Sa'idu Faru ko ta Kassu Zurmi, wajibi ne a rubuta ta yadda ta fito daga bakin mai ita, domin in aka mai da munka ta koma muka, an karya karin waƙar, an kuma yi wa tarihi ƙarya. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, waɗanda suka tattara waƙoƙin baka suka mai da su rubutu, sun nuna cewa haruffan da muke da su suna iya ɗaukar karin yamma idan an bi tsari. Hasali ma, Zamfarci ya fi Kananci bukatar rubutu mai tsari, domin mai karatu daga nesa ba zai gane cewa tcada kari ne ba kuskuren bugu ba, sai idan sauran rubutun tsaf yake. A cikin rubutun da ya cakuɗe, kari da kuskure kamanninsu ɗaya. Marubucin labari yana iya ba da labarinsa da daidaitacciyar Hausa, ya bar tsohon Bunguɗu ya yi magana da harshen Bunguɗu, muddin bai sa shi ya ce sunka a shafi na goma ya ce suka a na sha ɗaya ba.

Saura ja biyu. Wasu sukan ce waya ba ta da ƙugiya. Wannan uzuri ya yi aiki a zamanin tafireta da wayoyin farko, amma yanzu haruffan suna cikin tsarin Unicode, kuma allon rubutu irin Gboard yana da Hausa, sai dai a shiga a zaɓa. Wanda wayarsa ta gaza da gaske, ya ɗauki hanya ɗaya ya riƙe, kada ya rubuta k' a nan, 'k a can, q a gaba. Wasu kuma sukan ce ƙa'idar ta Turawa ce, kuma masanan ma ba su gama yarda da juna ba. Lallai akwai sauran saɓani, har yau Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya take rubuta 'y. Amma wuraren saɓanin kaɗan ne idan aka gwada da wuraren da aka yi ittifaƙi, kuma tarurrukan Kano da Yamai 'yan ƙasa ne suka zauna a cikinsu. Kuma tsantseni a rubutu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka ba ya yarda ɗigo ɗaya ya kauce, yana bambanta tawadar baƙi da ta wasali, almajiri kuma ba ya wanke allonsa sai malam ya duba satunsa ya gyara. Al'ummar da ta riƙe wannan horo ɗaruruwan shekaru a tsangaya ba za ta ce kiyaye ƙugiya uku ya fi ƙarfinta ba.

Gyaran ba ya bukatar sabon taro ko sabuwar hukuma, yana bukatar kowane mai alƙalami ya san inda nauyinsa yake. Kwalejin Ilimi ta Maru da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau su ne suke yaye malaman da za su tsaya gaban allo, don haka duk wanda zai koyar a firamare, ko da lissafi zai koyar, ya kamata ya fita da ƙa'idojin rubutun Hausa a hannunsa. Gidajen rediyo da jaridu da ofisoshin yaɗa labarai su tanadi ɗan jerin kalmomi na cikin gida, wanda zai faɗi yadda suke rubuta sunayen garuruwa da cututtuka da muƙamai da kuɗi, kowane ma'aikaci ya bi shi. Ƙananan hukumomi da masarautu su tsayar da rubutun Hausa na sunayen garuruwansu, a ajiye tsohon rubutun a gefe domin masu binciken tsofaffin takardu. Iyaye su zaɓi rubutu ɗaya na sunan yaro tun ranar da za a karɓi takardar haihuwa, su riƙa duba shi a duk takardar da za ta biyo baya. Mai buga littafi ya biya wanda zai tace masa rubutu kamar yadda yake biyan mai zanen bango. Shi kuwa marubuci, kafin ya saki takarda, ya sake bin ta sau ɗaya ba don neman daɗin magana ba, sai don ya tabbatar cewa abin da ya kira da wani suna a farko da shi ya kira shi har ƙarshe, kuma harafin da ya sa wa ƙugiya a sama bai bar shi tsirara a ƙasa ba. Wannan dubawa ba ta cin marubuci fiye da 'yan mintoci, amma idan ya ƙi yin ta, kowane mutum da takardar ta shiga hannunsa sai ya yi ta a madadinsa, wani ya dace, wani ya fahimci abin da ba a nufa ba ya yi aiki da shi.